Littattafan da Suka Tafi Suka Bar Lambarsu

Ranar Litinin da hantsi Hikima ta aiko a kira ni, wai in zo in ga abin da ya sami laburarenmu. Ni ne sakataren kwamiti, kuma tun da na ajiye aikin koyarwa ba ni da abin yi sai zaman ƙofar gida ina gyara wa mutane Turancin da ba su ce in gyara ba. Na zura silifa na tafi.

Laburaren ɗaki biyu ne a bayan masallacin unguwarmu a Zangon Kumasi. Shekara arba'in Malam Sulemana ya riƙe shi, kuma a tsarinsa kowane gida da ya ba da littattafai yana da kantarsa, da ɗan katako a kafe a sama an rubuta sunan mai su da ajami. In kana neman littafin lissafi sai ka fara tuna wane ne ya taɓa mallakarsa. Da Malam ya rasu bara, muka ɗauko Hikima, 'yar unguwa ce da ta karanto aikin laburare a Akra. Cikin wata guda ta juye wurin kaf. Ta haɗa littattafan addini wuri ɗaya, na kimiyya wuri ɗaya, ta rataya alluna masu kibiya, ta manna wa kowane littafi farar takarda mai lamba a baya. Ranar buɗewa ni na yi jawabi, har na ce mun fito daga duhu. An tafa mini sosai, kuma na ji daɗin tafin.

Na tarar da ita tsaye tsakanin kantoci da takarda a hannu, idonta ya yi ja. Ta ce ta ƙirga sau uku, littafi talatin da huɗu babu su. Ƙofa ba a fasa ba, taga ba a taɓa ba, makulli kuma ɗaya ne, yana wuyanta. Sai ta nuna mini abin da ya ɗaure mini kai har ƙarshen wannan mako. A kowane gurbi da littafi ya ɓace, farar takardar lambarsa tana nan manne a leɓen kanta, daidai inda yake tsaye. An ɓare ta a hankali, an manna ta a miƙe, ko kunne ɗaya bai yage ba.

Kafin azahar Zango ya ɗauka. Wasu suka ce aljanu ne, tunda ɓarawo ba ya barin shaida. Wasu suka ce asiri aka yi wa masallaci. Har wasu samari suka leƙo suna kwafe lambobin a tafin hannu, wai za su buga loto da su. Amma yawancin bakuna wuri ɗaya suka nufa: yarinyar da ke riƙe da makulli, wadda ta zauna Akra, wadda ta san Turawan da ke sayen tsoffin littattafai. Alhaji Brimah, shugaban kwamitinmu, ya faɗa mata a gabana cewa in la'asar ɗin Juma'a ta yi ba a ga littattafan ba, za ta ajiye makulli, maganar kuma ta koma wurin 'yan sanda. Uwarta, wadda ke sayar da atamfa a kasuwa, ranar ko rumfa ba ta iya buɗewa ba.

Shi Alhajin ne ya ce a kira Gariba mai bin sawu. Na ce masa mutumin nan ko baƙi ɗaya bai sani ba, boko ko ajami, me zai yi a ɗakin littattafai? Alhaji ya dube ni ya ce mu da muka san baƙaƙen, me muka samo? Na tafi kiran Gariba da kaina.

* * *

Gariba ya haura saba'in. Daga wajen Bawku ya zo tun yana saurayi, inda aikinsa shi ne bin sawun shanun sata har ƙetaren iyaka. A Kumasi ya yi shekaru a kasuwar shanu, yanzu kuma in akuya ta ɓace ko an ɗauke babur, shi ake nema. Siriri ne, ba ya sauri, kuma yana da wata ɗabi'a mai ban haushi ta yin tambaya sannan ya dubi wani wuri kana ba shi amsa.

Ya cire takalmi a ƙofa kamar zai shiga masallaci. Na ce masa kada ya wahalar da kansa neman sawu, siminti ne, kuma kullum ana sharewa. Ya wuce kusurwa inda Mma Nasira ke zaune ƙarƙashin fanka, ya durƙusa ya gaishe ta. Tsohuwa ce da ke zuwa shan iska kusan kullum bayan azahar, ta zauna da carbinta da ɗan kwandonta, mun saba da ita har ba ma ganinta. Ni dai ban tuna ranar ƙarshe da na gaishe ta ba.

Ya ce in karanta masa sunayen waɗanda suka ɓace. Na karanta: littafin fiƙihu, littafin kiwon kaji, ƙamus na harshen Twi, littafin gyaran injin mota, labarin wani da ya je Makka a ƙasa, littafin itatuwan daji, tatsuniyoyin Turawa. Ya tambaye ni me ya haɗa su. Na ce babu, kuma abin da ke ba ni ciwon kai ke nan. Mai son fiƙihu me zai yi da kaji?

Sai ya nuna allunan da ke rataye ya tambayi Hikima me suke cewa. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana fassara masa: nan addini, nan harsuna, nan kimiyya, nan tarihi. Ta ce allo yana faɗa wa baƙo inda zai nufa ba sai ya tambayi kowa ba. Lambar bayan littafi kuwa kamar lambar gida ce, tana faɗin inda littafin yake kwana.

"Yoo," in ji Gariba. "Allon nan da kowa yake magana?"

Ta ce da duk wanda ya shigo. Ya gyaɗa kai, yana kallon fanka.

Ya daɗe yana shafa takardun da aka manna, yana bin su da farce. Ya auna tsayinsu da jikinsa, babu wadda ta wuce kafaɗarsa. Daga nan ya nemi sanin masu zuwa. Hikima ta kawo babban littafin da kowane baƙo ke rubuta sunansa, na karanta masa sunaye fiye da ɗari. Na lura tun ina na ashirin ya daina saurare.

* * *

Talata muka je wurin Abass, mai sayar da tsoffin littattafai a gefen titi, domin sunansa ya fito sau tara a littafin baƙi, kuma ni na dage a fara da shi. Ya ji abin da ya kawo mu ya fusata, ya yi ta magana rabi Hausa rabi Twi har mutane suka fara tsayawa. Ya ce laburare yake zuwa ya karanta jarida kyauta, laifi ne? Da ya huce ya karɓi takardar ya duba sunayen, sai ya fashe da dariya.

"Ticha, wannan kaya ko kyauta aka ba ni ba na ɗauka ko kaɗan, koraa. Littafin kaji na zamanin kakana? In ni ne, na jarrabawa zan kwashe, waɗannan sababbi da ke bakin ƙofa. Kuma takardar lamba, ai ɓarawo kankarewa yake ya jefa kwata. Wa ke da lokacin mannawa?"

Gariba ya yi masa godiya kamar ya ba shi kyauta. Ni kuwa na taho da haushin mutum ya wanke kansa kuma ya ƙara mini ruɗani.

A hanyar dawowa muka tsaya wurin Barkisu, mai ƙosai a tsallaken laburaren, saboda ana ta raɗe-raɗin da shafukan littafi take ƙunshe ƙosanta. Ta zazzage mana buhun takardunta a ƙasa, tsoffin jaridu ne da takardun siminti. Ta ce ita abin da ta taɓa samu daga wancan ɗaki itacen wuta ne kawai, shi ma ba ta aka yi, kuma ya ci wuta da kyau paa, har wata ta zo ta roƙe ta ɗaya. Na katse ta na ce littattafai muke nema, ba itace ba. Na yi gaba abina. Da na waiwaya sai na ga Gariba ya zauna a bencinta yana cin ƙosai suna hira. Na ce a raina an haɗa ni da mayunwaci.

* * *

Laraba na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗauki lambobi talatin da huɗun nan na baje a tabarma, na tabbatar wa kaina saƙo ne aka bari. Na tara su, na raba su, na jera su daga ƙarami zuwa babba, na juya su baya. Matata ta kawo abinci ya huce. Da yamma abin da na samu shi ne ciwon wuya.

Da lissafi ya ƙi, sai zargi ya shigo. Na tuna sau biyu na ga Hikima tana fita da jaka mai nauyi. Na tuna ita kaɗai ta san yadda ake ɓare takardar nan ba ta yage ba. Na tafi na same ta tana rufe tagogi, na tambaye ta kai tsaye me ke cikin jakar. Ta buɗe ta juye a tebur: gam, almakashi, da littattafai biyu da bangonsu ya cire, tana kai su gida tana ɗinkewa. Sannan ta ce ita ba korar ke damunta ba. Abin da ke damunta shi ne ƙannenta sun daina bi ta layin masallaci saboda ana kiransu ƙannen ɓarauniya. Ta ce, "Ticha, kai ka koya mini karatu a aji uku. Kai ma?"

Na fita ban iya haɗa ido da ita ba. Tausayinta ya kama ni, amma in faɗi gaskiya zargin bai sake ni duka ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

* * *

Alhamis da safe na tarar da Gariba tsugune a gaban kanta ta ƙasa, ya karkata kai kamar mai leƙen kaza a akurki. Ya kira ni ya ce in duba layin littattafan. Na duba, littattafai ne. Ya ce in sake dubawa. Sai na ga a kantocin ƙasa da na tsakiya babu littafin da ke tsaye daidai da ɗan'uwansa, wani ya ɗan leƙo, wani ya ɗan shige. A kanta ta sama kuwa suna nan ƙyam a layi, yadda Hikima ta jera su wata uku da suka wuce.

Ya ce masu karatu suna zaro ɗaya ko biyu ne. Wannan kuwa wani ne ya bi su kaf, ya jawo kowanne ya mayar. Kuma ba bango yake dubawa ba, tunda bango ana ganinsa ba sai an jawo ba. Ya zaro ɗaya ya kifa shi, ya nuna mini gindinsa, wato gefen takardun da ke zama a kan katako. Babu komai. Ya ce to, waɗanda ke da wani abu an riga an tafi da su.

Ya hau kujera, ni ina riƙe masa ƙafarta ina addu'ar kada ya faɗo a ce ni na kashe shi. Ya yi ta sauko da na sama yana kifawa. Can wajen na sittin ya tsaya. A gindin littafin akwai layi biyu na shuɗin fenti, tsoho, ya dushe. Kafin ya gama ya samo uku masu irin wannan alama. Hikima ta ce ta gani lokacin da take jerawa, ta ɗauka datti ne.

"Saniya ba ta da suna a goshi," in ji Gariba, "amma mai ita yana tsaga mata kunne. Wannan tsagar wani ce."

Ya ce ya san inda ake shafa fenti a gindin kaya. Muka shiga trotro, wato motar haya, zuwa Anloga, kasuwar katako. Ina ganin tarin katakai na gane abin da yake nufi, domin kowane tari an shafa wa bakinsa fenti, wannan ja, wannan kore, wannan fari da ɗigo, don kada kayan wani ya shiga na wani. Muka yi ta nuna littafin rumfa-rumfa, matasa suna girgiza kai, ƙarar injin yanka katako tana neman tsaga mini kunne. Sai wani dattijo mai dukan ƙusa ya karɓa, ya duba, ya yi murmushi. Ya ce shuɗi layi biyu ai na Sanni ne, ɗan Zango, wanda ko bokitin gidansa sai ya shafa wa. Shekara shida ke nan da rasuwarsa.

Na san Sanni mai katako. Bai bar ɗa a garin nan ba, matarsa kawai ya bari, Mma Nasira. Na ce wa Gariba ai ba zai yiwu ba, sunanta ba ya cikin littafin baƙi. Ya tambaye ni ta iya rubutu? Duk hanyar dawowa ina juya maganar: tsohuwar da ba ta karatu, me za ta yi da littafin gyaran mota? Kuma me ya sa sai yanzu, bayan shekara shida tana zaune a gabansu? Na tambayi Gariba, ya ce shi sawu yake bi, dalili sai mai ƙafar.

* * *

Juma'a bayan la'asar muka taru a laburaren. Alhaji Brimah da 'yan kwamiti suna kan benci, Abass ya zo da kumburarriyar fuska, Barkisu ta bar kaskonta a hannun maƙwabciya. Hikima na tsaye jikin bango, ta riga ta cire makullin daga wuyanta ta ajiye a tebur. Tagogi sun cika da kawunan 'yan kallo. Mma Nasira tana kusurwarta ƙarƙashin fanka, babu wanda ya gayyace ta, babu kuma wanda ya lura tana nan.

Gariba bai yi dogon bayani ba. Ya ce ba Abass ba ne, ba Barkisu ba ce, ba kuma yarinyar nan ba. Ya ce wanda ya ɗauki littattafan ya mayar da takardar lamba ne saboda ya san ba tasa ba ce, kuma mutumin da ke tsoron tafiya da 'yar takardar wani, a ransa kayansa yake ɗauka. Sai ya ajiye littattafai ukun a tebur, gindinsu yana kallon jama'a.

"Saura uku suka rage masa," ya ce. "Sun yi masa tsawo ne. Na sauko masa da su."

Sai muka ji ƙarar carbi ya faɗa kwando. Mma Nasira ta miƙe da ƙyar, ta tako har tebur, ta ɗauki na farko. Ta jiƙa yatsa da miyau, ta ɓare farar takardar a hankali, ta manna ta a bakin tebur ta shafe da babban yatsa. Haka ta yi wa na biyu da na uku, duk muna kallo baki buɗe.

Alhaji Brimah ya dube ta. Ya ce, "Mma, ke ce?"

Ta ce ita ce. Ɗaya-ɗaya take fita da su a kwando, kuma duk suna ɗakinta, ko shafi bai ɓace ba. Alhaji ya ce ai mijinta sadaka ya ba da su, sadaka kuma ba a komawa a ɗauka. Ta ce ta sani sarai, kuma don sadakar ta ɗauka.

Sai ta tuna mana abin da yawancinmu muka sani muka manta. A zamanin Malam Sulemana, duk wanda ya zaro littafi sai ya ɗaga kai ya ga sunan da ke katakon, ya yi wa mai shi Fatiha kafin ya buɗe. In yaro ya manta Malam ya ƙwanƙwasa tebur. Saboda haka mutane suke kawo littattafan iyayensu nan maimakon su bar su ga gara. Ta ce ita ba fanka ke kawo ta ba, tana da fanka a gida. Zama take ta ga an ɗaga hannu an ambaci Sanni, wani lokaci sau biyar a yini, sai ta koma gida ta ci abinci da daɗi.

"Rana ɗaya na zo, sunansa babu, kayansa an watsa su ɗaki biyu," in ji ta. "Na tambayi wani yaro me sabon allon ya ce. Ya ce wai kimiyya. Wane ne Kimiyya da za a yi masa Fatiha? Wata uku ina zaune, mutum ɗaya bai ce Sanni ba. Ba mu da ɗa, Alhaji. Waɗannan ne 'ya'yansa."

Ta ce ta jera su a ɗakinta, ta kafa katakon sunansa a sama, amma tsoro ya hana ta kiran kowa ya karanta, don haka can ma babu Fatihar sai tata. Da ta ji ana zagin yarinya kuwa, kwana huɗu tana zuwa da niyyar magana, bakinta ya ƙi buɗuwa. Ta juya ta ce wa Hikima ta yafe mata.

Wani ɗan kwamiti ya tambaya, to yanzu sata ce ko ba sata ba? Wani ya ce a tambayi liman. Abass ya ce shi dai a faɗa da ƙarfi ba shi ba ne. Alhaji Brimah ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya faɗa yadda na taga za su ji cewa Hikima ba ta ɗauki komai ba, kuma duk wanda ya zage ta ya je gidansu ya ba uwarta haƙuri. Ya tura wa Hikima makullin. Sannan ya ce maganar mai sauƙi ce, a ɗauko tsoffin katakan a mayar da su.

Barkisu ta sunkuyar da kai. Ni kuwa sai a lokacin na gane wane itace na hana ta gaya mini labarinsa. Hikima tana iya ɗaukar makullinta ta ce za ta duba, babu wanda zai matsa mata a ranar. Ba ta taɓa shi ba.

"Alhaji, babu su," ta ce. "Na ba Barkisu ta hura wuta. Goma sha tara ne. Na Baaba Sanni kaɗai ya tsira. Ban iya ajami ba, kuma ban tambayi kowa ba."

Fuskar Alhaji ta canza, domin ɗaya daga cikin katakan nan sunan mahaifinsa ne. Na ga hannunsa ya nufi makullin. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ni na ce mata tarkace ne, ni na ciro ƙusoshin, ni na rungumi katakan na tsallaka titi da su. Na ce ita ba ta san al'adar ba, ni kuwa na sani, don Malam Sulemana ya sha ƙwanƙwasa mini tebur. In za a karɓi makulli, a fara karɓar littafin sakatare daga hannuna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Alhaji ya dube mu, ni da ita. Ya tambayi Gariba, to wane ne mai laifin a nan? Gariba ya ce shi littattafai aka ce ya nemo, kuma ya nemo. Ya saka takalminsa ya tafi.

Alhaji ya ce ko an sassaƙa sababbin katakai, wa zai san littafin wane gida ne wanne, tunda an cakuɗa su kuma Malam yana kabari? Mma Nasira ta ce shekara shida tana kallon kantocin nan, ba ta san abin da ke cikin littafi ko ɗaya ba, amma ta san fuskokinsu da inda kowanne yake zaune da. Ba duka ba, amma da yawa. Alhaji ya ture makullin har ya taɓa hannun Hikima. Ya ce ta riƙe, ta bar lambobinta yadda suke, amma kada wani littafi ya sake fita hannu sai da sunan mai shi a cikin bangonsa, kuma ita za ta yi aikin ko zai ci shekara.

Mutane suka fara watsewa suna gardama. Hikima ba ta jira gobe ba. Ta kwaso littattafai cike da hannu daga kanta mafi kusa, ta zauna a ƙasa gaban tsohuwar da biro. Mma Nasira ta juya na farko ta ce na gidan Talle mai goro ne, Hikima ta rubuta. Na biyu ta daɗe tana dubawa, ta ce wannan ya ɓace mata, aka ajiye shi gefe. Na uku ƙarami ne mai bangon fata, an ɗaure shi da zare. Tsohuwar ta riƙe shi, ta dubi yarinyar.

"Wannan ba ki san shi ba?"

Hikima ta duba bayansa, inda lamba take da rubutun hannunta, ta ce littafin addu'o'i ne.

"Na Alhaji Fadil ne, uban uwarki. Kantarsa ce ta biyu daga taga. Uwarki ce ta kawo su a kai, tana da cikinki."

Hikima ta ajiye biron. Ta riƙe littafin da hannu biyu. Mma Nasira ta ɗaga tafukanta, ni ma na ɗaga nawa, Alhaji da ya kai bakin ƙofa ya dawo ya tsaya. Hikima ce ta fara Fatihar, amma muryarta ta karye tun a aya ta biyu, sai tsohuwar ta ƙarasa mata.